Tafiya da Jirgin Iska a Tsibiran Zanzibar, Pemba, Mafia da Lamu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu shirin zagaya tsibiran gabashin Afirka ta ruwa, ko a jirgin haya ko a na 'yan gari. Za a ga maganar iska da cikar teku ta shiga kusan kowace amsa, har da amsoshin tarihi, domin su ne suka zaɓa wa mutanen wurin inda za su kafa gari tun fil azal.

Waɗanne tsibirai ake nufi, kuma yaya nisansu yake?

Babban cikinsu shi ne Unguja, wanda yawancin mutane ke kira Zanzibar. Tsawonsa kamar kilomita 85 ne, kuma jirgin fasinja mai sauri yakan kai can daga Dar es Salaam cikin awa 2. Pemba tana arewa da shi da kimanin kilomita 50. Mafia tana kudu, daura da inda kogin Rufiji ke zuba a Tekun Indiya, sai Kilwa Kisiwani can gaba da ita. Duk waɗannan a Tanzaniya suke. Lamu da maƙwabtanta Manda da Pate suna Kenya, kusa da iyakar Somaliya. Harshen kowa Suwahili ne, kuma mafi yawan mutanen Musulmi ne.

Wane lokaci ya fi dacewa a yi tafiyar?

Iska biyu ce ke raba shekara a wannan gaɓa. Ta farko sunanta kaskazi, tana busowa daga arewa maso gabas tun daga Disamba har zuwa Maris, wato daidai lokacin da muke cikin hunturu da farkon bazara. Ta biyu kusi, tana zuwa daga kudu, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Kaskazi tana da sauƙin kai. Kusi kuwa ta fi ƙarfi, musamman a Yuni da Yuli, lokacin da teku ke tashi har ƙananan jirage su haƙura da fita nesa. Daga Maris zuwa Mayu ake yin babbar damina da suke kira masika, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga iska mai juyawa ba zato.

Ga wanda bai saba da teku ba, Satumba zuwa farkon Nuwamba ya fi, lokacin da kusi ta lafa, ko kuma Janairu da Fabrairu. Amma a fara tambayar kai: ina za ni? Mai nufin arewa ya bi kusi, mai nufin kudu ya jira kaskazi. Ruwan gaɓar Tanzaniya da kansa arewa yake ja duk shekara, kuma a tsakiyar kusi jan nasa yakan haura kilomita 5 a awa ɗaya. Wanda ya nufi kudu a watan Yuli yana faɗa da iska da ruwa gaba ɗaya, zai sha wuya, ya ƙona mai a banza.

Da gaske ne wannan iskar ce ta kawo Larabawa da Indiyawa?

Ita ce. Jiragen Oman da Yaman da Gujarat sukan taso da kaskazi ɗauke da dabino, busasshen kifi, tufafi da tangaran, su iso a Janairu ko Fabrairu. Ba su da hanyar komawa sai iska ta juya, kamar dai yadda ayarin fatake kan yada zango ya jira damina ta wuce. Watannin jiran nan su ne suka haifar da komai: ɗan kasuwa ya sauka a gidan fatoma, ya yi aure, ya haihu, ya gina masallaci. Da kusi ta kama sai su juya da hauren giwa, zinariya, da sandunan itacen mikoko, wanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri, da ake rufin ɗaki da su a ƙasashen Larabawa marasa itace.

Wani rubutun Girkanci na ƙarni na 1 miladiyya ya riga ya ambaci wannan kasuwanci. A Kizimkazi, kudancin Unguja, akwai masallacin da rubutun jikin bangon alƙiblarsa ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107, kuma har yau ana salla a cikinsa.

Wane irin jirgi 'yan gari suke amfani da shi?

Babban jirgin kaya shi ne jahazi, mai ɗaukar siminti, gawayi da buhunan abinci tsakanin tsibirai. Mashua ta fi shi ƙanƙanta, ita ake kamun kifi da ɗaukar baƙi da ita. Ngalawa kuma kwale-kwale ne da ake sassaƙawa daga gungumen mangwaro, a ɗaura masa katako biyu hagu da dama don kada ya kife. Dukkansu ƙyalle ɗaya ne mai kusurwa uku ke tura su, suna ce masa tanga, an ɗaure shi a jikin doguwar sanda da ke rataye a kan jigon jirgin. Shugaban jirgi shi ne nahodha, kuma maganarsa ce ta ƙarshe.

Wanda ya je Nungwi, a ƙarshen arewacin Unguja, ya tsaya ya kalli masu ƙira. Babu zane a takarda. Masassaƙi yana zaune a kan yashi da gizagonsa, yana daidaita katako da ido, yaronsa na huda ramin ƙusa da abin huji da ake murzawa da baka da tsirkiya. In an gama jera katakai sai a cusa auduga da aka jiƙa da man kwakwa a kowace tsaga, ana bugawa da guduma har ta zauna. A da ma akwai mtepe, jirgin yankin Lamu da ba a sa masa ƙusa ko ɗaya, ɗinke shi ake yi da igiyar ɓawon kwakwa. Ya ɓace a shekarun 1930.

Abin da baƙo zai lura da shi shi ne wahalar juya jahazi. Sai an ba iska baya, ma'aikata su tattaru su ɗaga doguwar sandar tsaye su zagaya da ita ɗaya ɓangaren jigo. Shi ya sa nahodha ya fi son ya bi layi ɗaya mai tsawo, kuma shi ya sa jirgi mai inji ne ya kamata ya kauce masa.

Me ake nufi da cikar teku da janyewarsa, kuma me ya sa ake ta gargaɗi a kai?

Sau biyu a yini ruwa ke hawa, sau biyu yana sauka, kowane kamar awa 6. A Zanzibar bambancin yakan kai mita 4 a manyan kwanaki, wato tsayin mutum biyu har da ɗoriya. Manyan kwanakin suna bin wata: kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu. Su ake kira bamvua. A tsakaninsu ruwa yakan yi sanyin jiki, su ce maji mafu. Duk wanda ke riƙe da lissafin watan Musulunci ya riga ya san rabin abin, kuma da shi masuntan wurin ke aiki.

Ruwan ba ya hawa daidai wa daida. A awar farko da ta ƙarshe kaɗan yake motsi, amma rabin hawan gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu yake faruwa, lokacin ne kuma ja ke tsananta a mashigai. A gabashin Unguja, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye da hantsi a kwanakin bamvua har mata su shiga da ƙafa su kula da gonakinsu na ciyawar ruwa. Jirgin da ya kwana a irin wannan wuri sai ya wayi gari a kwance kan yashi. Jiragen 'yan gari an yi su ne don haka, amma jirgi mai dogon gindi yana iya karyewa.

A ina ya kamata in saki anka?

A kan yashi ko laka. Daga saman jirgi yashi yakan bayyana fari-fari ko shuɗi mai haske, ciyawa kore mai duhu, murjani kuwa ruwan ƙasa. Kada a saki anka a kan murjani, don dalili biyu. Na farko, ba ta kamawa yadda ya kamata: ko ta maƙale har a rasa ta, ko reshen ya karye cikin dare jirgi ya sulale. Na biyu, sarƙa tana niƙe abin da ya ɗauki shekaru aru-aru yana girma, kuma a nan ne kifin da ƙauyen ke ci yake hayayyafa. Ina ganin wannan dalili na biyu kaɗai ya isa.

Yammacin tsibiran ne ke da mafaka. Gabashin Unguja da na Pemba suna fuskantar buɗaɗɗen teku, katangar murjani ta kewaye su, ƙofofin shiga kuma kaɗan ne. Kafin a saki, a duba ta ina iska za ta buso cikin dare, a kuma tabbata ko jirgi ya zagaya ankarsa ba zai taɓa dutse ko tarun masunta ba.

Sarƙa nawa zan saki?

Ninki 5 na zurfin ruwa idan sarƙa ce, ninki 7 idan igiya ce. Inda ake kuskure shi ne zurfin da ake lissafawa da shi. A ce ka iso ruwa ya janye, ma'auni ya nuna mita 5. Idan ruwa zai ƙaru da mita 4, ga tsayin goshin jirgi mita 1, to lissafinka a kan mita 10 yake, sarƙa mita 50 ke nan. Wanda ya saki 25 ya kwanta, da tsakar dare ruwa zai ɗaga jirginsa ya tumɓuke ankar. A koma amsar cikar teku a ga yadda ake sanin kwanakin da ruwa ke hawa sosai.

Bayan an saki, a ja da baya a hankali da inji har sarƙa ta miƙe. A ɗora hannu a kanta: idan tana karkarwa tana tsalle, anka na jan ƙasa ne, a ɗaga a sake. A kunna farar fitila a sama duk dare, domin jahazi da yawa suna tafiya cikin duhu ba fitila.

Taswirar waya ko ta kwamfuta ba ta isa ta shigar da ni mashigi ba?

Ba ta isa ba. Yawancin awon da aka gina taswirorin wannan gaɓa a kansa tsohon aiki ne na sojojin ruwan Ingila, ga yashi yana ƙaura, murjani yana girma. A shiga tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3 na rana, rana tana sama ko tana bayanka, mutum ɗaya a tsaye a goshi yana kallon launin ruwa. A shiga ruwa yana hawa, don ko an taɓa ƙasa ya ɗaga jirgin. Idan kuma mashigin baƙo ne gare ka, ka ɗauki masunci ka biya shi haƙƙinsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Yaya tsayawa a gaban birnin Zanzibar yake?

An gina tsohon birnin a kan wani ɗan tsini da ake kira Shangani, wanda ke kare jirgi ta gefe ɗaya ko ɗayan gwargwadon iskar da ke busawa. Wurin ba na hutu ba ne: jiragen fasinja suna wucewa suna tayar da igiyar ruwa, kuma ƙasan cike yake da tarkace. A bar mutum a jirgi in za a sauka.

Tarkacen nan wani ɓangarensa tarihi ne. Ranar 27 ga Agusta 1896 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar Sarki Khalid bin Barghash ruwan wuta daga wannan wuri, yaƙin bai cika minti 45 ba, jirgin sarki mai suna Glasgow ya nutse a tashar. A Satumban 1914 kuma jirgin Jamus Königsberg ya lallaɓo ya nutsar da Pegasus na Ingila, sannan ya gudu ya ɓuya a bakin kogin Rufiji. Daga kan ruwa ana hango tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina a ƙarshen ƙarni na 17, da fadar Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883. Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Me ya haɗa Oman da Zanzibar, kuma ina maganar bayi?

Turawan Fotugal sun iso gaɓar da Vasco da Gama a 1498, suka riƙe ta kusan shekara 200, har Omanawa suka ƙwace ganuwarsu ta Mombasa a 1698. Sayyid Sa'id bin Sultan ya mai da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, ya kuma matsa a dasa kanumfari.

Gonakin kanumfarin da guminsu bayi aka noma su. An riƙa koro mutane daga cikin nahiya, daga yankin tafkin Tanganyika da na Malawi, a cusa su a jahazi daga Bagamoyo da Kilwa Kivinje, da yawa ba su iso da rai ba. An rufe kasuwar bayi ta birnin a 1873, aka gina coci a wurin, amma fataucin ya ci gaba a ɓoye, kuma a Mangapwani har yanzu akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka riƙa ɓoye mutane kafin a loda su. Sai 1897 aka soke bauta a dokar tsibirin. Ciwon wannan tarihi yana cikin abin da ya fashe a juyin juya halin 12 ga Janairu 1964, inda aka kifar da sarautar aka kashe mutane da yawa, kafin haɗewa da ƙasar Tanganyika a watan Afrilu, aka zama Tanzaniya. Akwai iyalai a kowane ɓangare da abin ya taɓa, don haka baƙo ya fi sauraro ya rage yanke hukunci.

Pemba ta cancanci wahalar tsallakawa?

Ƙwarai. Tsibiri ne mai tuddai, kore shar, kuma tun da guguwar 1872 ta kakkarya itatuwan Unguja, Pemba ce ke ba da mafi yawan kanumfari. A lokacin girbi za ka ga an shanya shi a kan tabarmi a bakin hanya, ƙamshinsa na iso ka tun kana kan ruwa. Yammacinta cike yake da ƙananan tsibirai da lunguna masu natsuwa, amma ƙofofinsu, irin na Njao da Fundo, matsattsu ne, ruwa na gudu a cikinsu da ƙarfi. A shige su lokacin da ruwa ya tsaya tsakanin hawa da sauka. Garuruwan sauka su ne Mkoani da Wete.

Me ya sa Kilwa ta yi suna haka, alhali yanzu ƙauye ce?

Kilwa tana kusa da iyakar inda jirgi daga Arabiya zai iya kaiwa da kaskazi ɗaya ya kuma koma a shekarar. Zinariyar ƙasar Zimbabuwe kuwa ta tashar Sofala take fitowa, can kudu. Sai Kilwa ta zama mahaɗa, ta riƙe cinikin, har ta buga kuɗinta na tagulla. Ibn Battuta ya sauka a nan a 1331 ya yaba kyawun birnin da kyautar sarkinsa, al-Hasan bin Sulaiman, wanda ya gina fadar Husuni Kubwa. Matafiyin nan shi ne bayan shekara 22 ya isa Takadda, a Nijar ta yau, ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullarta.

Fotugal sun ci Kilwa da yaƙi a 1505, daga nan ba ta sake komawa yadda take ba. Babban masallacinta mai ƙubbobi yana nan tsaye. Tashar tana da zurfi da mafaka, amma jan ruwa a mashigin yana da ƙarfi. Ana karɓar izinin ziyara a Kilwa Masoko kafin a tsallaka.

Akwai wuraren da aka hana tsayawa?

Akwai. Chumbe, kudu da birnin Zanzibar, wurin kare murjani ne, ba a sakin anka. Mnemba a hannun masu otal yake, ba a sauka. Gandun ruwa na Mafia, da aka kafa a 1995, yana karɓar kuɗin shiga a kan kowane mutum da jirgi. Tumbatu kuwa ba dokar gwamnati ce kaɗai ba, mutanenta ba sa son a faɗo musu haka kawai, sai an nemi izinin dattawa. A kowane ƙauye a fara gaida sheha, wato mai unguwa, a sa tufafin mutunci, kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda.

Wace takarda nake buƙata?

Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ya nemi bizar Tanzaniya tun yana gida, da wuri, domin ba a ba shi a bakin shiga. A riƙe katin rigakafin shawara. Zanzibar tana da nata jami'an shige da fice, ana duba fasfo ko daga Dar es Salaam aka fito, kuma tun 2024 tana buƙatar baƙi su sayi inshorarta. Jirgin da ya fito daga wata ƙasa yakan ɗaga tuta rawaya, kowa ya zauna a ciki har jami'an lafiya da kwastan su sallame shi.

Yaya salla a jirgi, kuma ina alƙibla?

A nan alƙibla arewa take kusan sak, domin Makka da Zanzibar kusan a layi ɗaya suke. Wanda ya saba fuskantar gabas ya kiyaye. Jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska da ruwa, sai a duba kamfas kafin kowace salla. Mafi yawan mutanen Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa, don haka za a ga ɗan bambanci a masallaci.

A kula da agogo ma. Suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. In nahodha ya ce a tashi ƙarfe goma, a tambaya ta wane lissafi, don yana iya nufin 4 na asuba.

Wane haɗari ne ya fi girma?

Lodi fiye da kima. A Satumban 2011 jirgin fasinja Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, mutane da yawan gaske suka rasu, Allah ya jiƙansu. Idan ka ga jirgi ya cika har ruwa na neman taɓa bakinsa, ko babu rigar ceto, ka sauka ka jira wani. Manyan guguwa ba su cika zuwa nan ba saboda kusanci da layin da ya raba duniya biyu, amma Hidaya ta faɗa wa Mafia a Mayun 2024. Fashin teku na Somaliya ya ragu sosai bayan 2012, duk da haka arewacin Lamu wuri ne da ake tambayar hukuma kafin a nufa. Sauro ma yana nan, musamman kusa da dazukan mikoko, a tafi da gidan sauro.

Idan mako biyu kawai gare ni, ina zan bi?

A watan Oktoba, a fara daga birnin Zanzibar a ba shi kwana biyu, a haura ta yamma zuwa Mkokotoni da Nungwi, a tsallaka Pemba da sassafe ruwa da iska na bayanka, a ƙarasa sauran kwanakin a lungunanta. Dawowa kudu ita ce mai wuya, kamar yadda aka bayyana a amsar lokacin tafiya, don haka a ware mata kwana biyu. Mafia da Kilwa tafiya ce daban, ta Janairu.

Lamu kuma a yi mata niyya ta musamman, in da hali a watan Maulidi. Habib Swaleh, malamin da ya zo daga tsibiran Komoro, shi ya kafa masallacin Riyadha a ƙarshen ƙarni na 19, kuma taron Maulidinsa yana jawo jama'a daga duk gaɓar. A garin, jakuna ne ke ɗaukar kaya a lungunansa. Ana tseren mashua a mashigin da ke tsakanin Lamu da Manda, samari na rataye a kan katakon da aka miƙa waje don danne jirgi kada iska ta kifar da shi. Masauki yakan cika a makon, a kama ɗaki tun da wata guda.